Pac-Man: Tarihin Wani Wasan Na'ura da Lissafin da Ke Ɓoye a Cikinsa

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin sakandare a yau wanda bai taɓa yin wasa a wayar hannu ba. Amma kafin wayar hannu ta zo, irin waɗannan wasanni suna cikin manyan akwatunan katako ne, waɗanda tsayinsu ya kai na mutum. A jikin kowane akwati akwai fuskar talabijin, da 'yar sandar sarrafawa mai kama da giyar mota, da wata kafa da ake jefa tsabar kuɗi. Ba a kai akwatin gida. Mai son wasa shi ne yake zuwa inda aka girke shi, a gidajen wasa ko kantuna ko gidajen abinci. A cikin dukkan wasannin wancan zamani babu wanda sunansa ya zaga duniya kamar Pac-Man. A wannan darasi za mu dubi yadda aka ƙirƙiro shi, sa'annan mu buɗe cikinsa, domin akwai lissafin da ake koyarwa a ajinmu kwance a ciki, har da wani kuskure wanda irinsa ya taɓa tarwatsa roka a sararin sama.

Asalin wasan

Wasan na'ura na farko da ya kawo kuɗi sosai shi ne Pong, wanda kamfanin Atari na Amurka ya fitar a 1972. A 1978 kuma kamfanin Taito na Japan ya fito da Space Invaders, inda mai wasa yake harbin wasu halittu da ke saukowa daga sama. Kasuwar da wannan wasa ya yi ta sa kowane kamfani ya koma ƙera wasannin harbi da yaƙi, gidajen wasa kuwa suka zama matattarar samari zalla.

Wani matashi mai suna Toru Iwatani, wanda aka haifa a 1955, ya kama aiki a kamfanin Namco a 1977. Shi ne ya ga cewa an bar rabin jama'a a waje. Ya ƙudura yin wasan da mata za su so, wanda babu bindiga a cikinsa, ya kuma zaɓi abin da kowane ɗan Adam ya sani, wato cin abinci. A yaren Japan akwai kalmar kwaikwayon sauti, faku-faku, da ke siffanta buɗe baki da rufe shi wajen ci. Daga nan sunan ya samo asali. Siffar jarumin wasan kuwa da'ira ce ruwan ɗorawa da aka yanke mata baki. An sha ba da labarin cewa Iwatani ya ga siffar ne a jikin fiza, wata irin gurasa mai faɗi ta Italiya, bayan an yanki ɓangare guda. Shi da kansa ya ce labarin rabinsa ne gaskiya. Sauran rabin shi ne, harafin da ke nufin baki a rubutun Japan murabba'i ne, sai ya kewaye shi ya zama da'ira.

An fara aikin a farkon 1979 da ƙungiyar mutum tara. Shigeo Funaki ne ya rubuta tsarin umarnin na'urar, Toshio Kai kuma ya yi sautin. Ran 22 ga Mayu, 1980, aka girke akwatin farko don gwaji a unguwar Shibuya ta birnin Tokiyo, da sunan Puck Man. Da kamfanin Midway na Shikago ya karɓi izinin sayar da shi a Amurka a ƙarshen wannan shekara, sai aka ji tsoron kada 'yan ta'adi su kankare harafin farko su mayar da sunan kalmar batsa ta Turanci. Dalili ke nan da ya sa ya koma Pac-Man.

Yadda ake wasan

Filin wasan gida ne mai lunguna da yawa, an zuba ƙwayoyi 244 a cikinsu: ƙanana 240, manya 4, ɗaya a kusa da kowace kusurwa. Aikin mai wasa shi ne ya bi da Pac-Man cikin lungunan har ya cinye su duka, alhali dodanni huɗu suna farautarsa. Idan ɗaya ya taɓa shi, rai guda ya tafi. In kuwa ya haɗiyi babbar ƙwaya, sai reshe ya juye da mujiya: dodannin su rikiɗa su zama shuɗi, su shiga gudu, shi kuma ya bi su ya cinye. A mataki na farko wannan dama ta sakan 6 ce. Tana raguwa, har daga mataki na 19 dodannin ba sa rikiɗa sam.

Ƙaramar ƙwaya maki 10 ce, babba 50. Dodon farko da aka ci bayan babbar ƙwaya maki 200 ne, na biyu 400, na uku 800, na huɗu 1,600. Ɗalibi zai lura cewa kowane adadi ninkin na bayansa ne, jimlarsu kuwa 3,000. A nan dabarar Iwatani take: mafi tsokar lada yana wurin dodo na huɗu, wanda kafin a kai gare shi lokaci ya kusa ƙarewa. Kwaɗayi ne ke kashe mafi yawan masu wasa, kuma kowace mutuwa tana kusanto da jefa wani kuɗin a akwati.

Akwai kuma wata kafa a dama da hagun filin. Wanda ya fita ta wannan zai ɓullo ta waccan. Ma'ana, filin ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar yadda ido ke gani. Idan aka zana shi a takarda aka naɗe har bakin dama ya haɗu da na hagu, za a sami siffar gwangwani. A jikin gwangwani Pac-Man yake yawo.

Tunanin dodanni

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi cancantar nazari. Ƙwaƙwalwar akwatin wata 'yar na'ura ce mai suna Z80, gudunta bai wuce bugu miliyan uku da 'yan kai a sakan ba, tsarin umarnin wasan baki ɗaya kuwa kilobayit 16 ne. Hoto guda da aka ɗauka da wayar hannu ya ninka wannan sau da yawa. To, da irin wannan ƙaramin wuri, yaya aka yi dodannin suka zama kamar masu wayo, har mai wasa ya rantse cewa haɗa baki suke yi?

Iwatani ya gane cewa idan dukkansu suka bi Pac-Man kai tsaye, za su jeru a bayansa ne kamar taragon jirgin ƙasa, wasan ya rasa armashi. Saboda haka aka ba kowane dodo halinsa. An raba fuskar akwatin gida-gida kamar gidajen dara, 28 a kwance, 36 a tsaye. A kowane lokaci, kowane dodo yana da gida guda da ya sa a gaba. Bambancinsu kawai shi ne yadda kowanne yake zaɓen wannan gida.

Jan dodo, wanda Amurkawa ke kira Blinky, gidan da Pac-Man yake ciki shi ne abin nemansa; mabiyin sawu ke nan. Mai ruwan hoda, Pinky, ba ya neman inda Pac-Man yake, sai gida na huɗu a gabansa, saboda haka kullum ƙoƙarin tare hanya yake yi. Mai ruwan lemo, Clyde, idan tsakaninsa da Pac-Man ya kai gida takwas sai ya bi shi kamar jan dodo, amma da zarar ya matso kusa da haka sai ya karkata zuwa kusurwarsa ta ƙasa a hagu, kamar wanda tsoro ya kama.

Na huɗun, Inky mai launin sararin sama, shi ne ya fi wuyar sha'ani, domin lissafinsa ya rataya a kan jan dodo. Ana duba gida na biyu a gaban Pac-Man, a ja layi daga jan dodo zuwa wannan gida, sa'annan a ninka tsawon layin. Inda ya tsaya nan ne Inky zai nufa. Alal misali, a ce Pac-Man yana gida na 10 a kwance, na 10 a tsaye, ya fuskanci dama. Gida na biyu a gabansa shi ne 12 da 10. A ce jan dodo yana 8 da 7. Daga 8 zuwa 12 taku 4 ne, daga 7 zuwa 10 taku 3. Idan aka ninka, an sami 8 da 6. A ɗora su a kan matsayin jan dodo, sai a ga Inky zai nufi gida na 16 da 13. Shi ya sa idan jan dodo yana nesa, Inky sai ya yi ta gantali, amma idan jan dodo ya matso, shi ma sai ya rufo ta ɗaya gefen.

To, bayan dodo ya san gidan da yake nema, yaya yake zaɓen hanya? Bai san taswirar filin ba, ba ya kuma hangen nesa. Ƙa'idarsa biyu ce rak. Ta farko, ba ya juyawa baya da kansa. Ta biyu, idan ya zo mararraba, sai ya auna nisan da ke tsakanin kowane gida da zai iya takawa da gidan da yake nema, a miƙe kamar babu bango, ya ɗauki mafi kusa. Awon kuwa da ƙa'idar Fitagoras ake yin sa. A ce dodo ya taho daga hagu ya iso mararraba, abin nemansa yana gida 3 a dama, 4 a sama. In ya taka sama, saura 3 da 3: 9 a tara da 9, an sami 18. In ya taka dama, saura 2 da 4: 4 a tara da 16, an sami 20. In ya taka ƙasa, saura 3 da 5: 9 a tara da 25, an sami 34. Sama zai bi. Mai karatu zai ga ba mu nemi saiwar 18 ko ta 20 ba. Babu bukata, tun da adadin da ya fi ƙanƙanta shi ne saiwarsa ta fi ƙanƙanta. Wannan sauƙi ba ƙarami ba ne ga Z80, wadda ko umarnin ninkawa ba ta da shi, sai dai a haɗa mata shi daga tarawa.

An ƙara wani abu guda don mai wasa ya sami numfasawa. Dodannin ba sa farauta ba tsayawa. A mataki na farko suna fara watsewa zuwa kusurwoyinsu na sakan 7, su yi farauta sakan 20, su sake watsewa, haka har sau huɗu, daga nan sai farauta zalla.

Tun da dai ƙa'idoji ne tsayayyu, duk wanda ya maimaita tafiya iri ɗaya zai ga dodannin sun maimaita tasu. Ba a jima ba gwanaye suka haddace hanyoyin da dodo ba ya cim musu, har aka buga littattafai a kan haka, suka riƙa shafe awoyi a kan kuɗi guda. Masu akwatuna ba su ji daɗi ba. Wasu matasa da suka yi karatu a jami'ar MIT suka gyara wasan, suka sa masa sababbin filaye da 'yar tafiyar ba-zata ga dodanni. Midway ta karɓi aikinsu ta fitar da shi a 1982 da sunan Ms. Pac-Man.

Mataki na 256

Waɗanda suka ƙera wasan ba su yi masa ƙarshe ba. Nufinsu ya yi ta maimaituwa har mai wasa ya mutu. Amma yana da ƙarshe, kuma lissafi ne ya jawo shi.

Kwamfuta da tushe biyu take ƙirga, wato 0 da 1. Kowane gurbi ana kiransa bit, gurbi takwas kuma bayit guda. Darajar gurbin takwas ɗin ita ce 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1. Idan aka tara su za a sami 255. Wannan shi ne adadi mafi girma da bayit zai iya riƙewa, ana rubuta shi 11111111. Ƙara masa 1, sai ya zama 100000000, wato gurbi tara. Tun da gurbi takwas kaɗai ake da su, na taran ya faɗi, abin da ya rage 00000000. Duk wanda ya ga mitar tsohuwar mota ta cika 99999 ta koma 00000 ya ga irin wannan.

A cikin bayit guda Pac-Man yake ajiye lambar mataki, kuma daga 0 yake fara ƙirga. Ke nan a mataki na 256 lambar tana kan 255. A ƙasan fuskar akwatin akwai 'ya'yan itatuwa da wasu alamu da ake zanawa don nuna matakin da aka kai, ba sa wuce bakwai. Umarnin da ke zana su yana ɗaukar lambar mataki ya ƙara 1, ya zana alama, ya rage 1, ya duba ko an kai 0. In ba a kai ba ya sake. A mataki na 256, ƙarin 1 ya mayar da lambar 0 tun daga farko. Umarnin ya zana alama, ya rage 1 daga 0, sai lambar ta juya baya ta koma 255. Haka ya yi ta zane har sau 256, ya wuce jerin alamun da aka tanada, ya shiga kwaso duk abin da ya tarar a ma'ajiya yana watsawa. Rabin filin na dama ya cika da tarkacen haruffa da lambobi, ƙwayoyin da ke wurin suka shafe in ban da guda tara. Wasan kuwa sai ya ƙirga 244 kafin ya buɗe mataki na gaba. Ba hanya.

Saboda wannan iyaka, akwai makin da ba a iya wucewa: 3,333,360. Sai mutum ya cinye kowace ƙwaya, kowane ɗan itace, da kowane dodon da za a iya ci, ba tare da ya rasa rai ko ɗaya ba har mataki na 256. Wanda aka fara rubuta wa wannan bajinta shi ne Billy Mitchell, ran 3 ga Yuli, 1999, a jihar New Hampshire ta Amurka, bayan wasan kimanin awa shida.

Kada ɗalibi ya ɗauki wannan kuskure abin dariya kawai. Ran 4 ga Yuni, 1996, aka harba rokar Turai, Ariane 5, karon farko daga Kourou a Kudancin Amurka, ɗauke da taurarin ɗan Adam huɗu na bincike. Kimanin sakan 40 da tashinta ta kauce hanya ta tarwatse. Bincike ya nuna cewa an gaji wani tsarin umarni daga tsohuwar roka Ariane 4, wanda yake cusa wani adadi mai alaƙa da gudun rokar a kwance cikin gurbi 16, inda iyaka ita ce 32,767. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu ta wannan fuska, adadin ya zarce iyaka, na'urar da ke nuna mata hanya ta tsaya. Haka kuma akwai kwamfutocin da ke ƙirga lokaci da sakan tun daga 1 ga Janairu, 1970, a cikin gurbi 32. Ƙirgarsu za ta cika 2,147,483,647 ran 19 ga Janairu, 2038, shi ya sa aka daɗe ana mayar da su gurbi 64. A duk waɗannan, wani ne ya ce a ransa, ai ba za a taɓa kaiwa can ba.

Abin da wasan ya bari

A cikin shekararsa ta farko a Amurka an sayar da akwatuna fiye da 100,000, kuɗin da aka jefa musu kuwa, santi 25 a kowane wasa, ya haura dala biliyan ɗaya. Waƙar da aka yi masa, Pac-Man Fever, ta kai matsayi na 9 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a 1982, a shekarar ce kuma kamfanin Hanna-Barbera ya fara nuna shi a zanen talabijin na yara. Kafin shi, galibi abin da mai wasa ke sarrafawa jirgi ne ko bindiga ko mota. Shi ne ya nuna cewa jarumin wasa zai iya zama mai suna da fuska, a buga shi a riga da jakar makaranta. Har 'yan kasuwa sun ari sunan: a 1982 da kamfanin Bendix ya nemi haɗiye Martin Marietta, shi kuma ya juyo ya shiga sayen hannun jarin Bendix, aka kira dabarar kāriyar Pac-Man. Masana taurari ma haka. A 2010 kumbon Cassini ya auna zafin jikin Mimas, ɗaya daga cikin watannin duniyar Zuhal, taswirar ta fito da siffar da'ira mai buɗaɗɗen baki. A 2012 gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York ya sa wasan cikin kayan da yake adanawa.

Ba kowa ne ya yi murna ba. Iyaye sun koka cewa kuɗin abincin yara da lokacin karatunsu suna ƙarewa a gaban akwati. A 1981 shugaban Filifin, Ferdinand Marcos, ya haramta irin waɗannan akwatuna a ƙasarsa, garuruwa da dama a Amurka kuma suka ƙayyade shekarun masu shiga gidajen wasa. A ganina koken yana da tushe, domin mun ga da gangan aka tsara makin don ya ja mutum ya sake. Sai dai akwatin 1980 yana da birki guda: idan aljihu ya bushe dole a koma gida. Wasan da ke cikin waya ba shi da wannan birki, kuma har gado yake bin ɗalibi.

Ta fuskar ilimi kuwa wasan bai tsufa ba. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta gina ayyukan darasinta na ƙirƙirarriyar basira a kan Pac-Man, inda ɗalibai ke rubuta umarnin neman hanya mafi gajarta a cikin lunguna. A 2017 wani tsari na kamfanin Microsoft ya ci maki 999,990, iyakar makin Ms. Pac-Man na akwatin gida Atari 2600. Iwatani kansa ya bar Namco ya koma koyar da ƙirar wasanni a wata jami'a a Tokiyo.

Aiki don aji

Malami ba ya bukatar kwamfuta ko wutar lantarki don koyar da wannan darasi. A zana fili mai gida 10 a kwance da 10 a tsaye a allo, ko a ƙasa a farfajiyar makaranta, a toshe wasu gidaje su zama bango. Ɗalibi guda ya zama Pac-Man, huɗu su zama dodanni, kowanne da ƙa'idarsa a rubuce a takarda. Taku ɗaya-ɗaya za a riƙa yi, sauran 'yan aji su yi awon nisa a littattafansu kafin kowane dodo ya motsa. In hanya biyu suka yi kunnen doki, a bi tsarin wasan na asali: sama ce gaba, sai hagu, sai ƙasa, sai dama. Bayan haka a gwada waɗannan tambayoyi:

1. A mataki na farko ɗan itace mai maki 100 yana fitowa sau biyu. Nawa ne iyakar makin da za a iya samu a wannan mataki?

2. Pac-Man yana gida na 15 a kwance, na 9 a tsaye, ya fuskanci hagu. Jan dodo yana 17 da 12. Wane gida Pinky zai nufa, wane kuma Inky?

3. Rubuta 244 a tushe biyu. Nawa za a ƙara masa kafin bayit ya koma 0?

4. Da a gurbi 16 aka ajiye lambar mataki, ba tare da ware gurbi don alamar ragi ba, a wane mataki matsalar za ta ɓullo? Idan kowane mataki yana cin minti ɗaya da rabi, kwana nawa mai wasa zai yi a tsaye kafin ya kai can?